Bakin Aro a Ƙasar Masu Sharar Ruwa

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yalwata ta, ya tsaga koguna ya nuna musu hanya, ya ba ɗan Adam harshe, ya kuma ba shi kunne. Bayan haka, ni ne Tanimu ɗan Barmo, mutumin Kukar Sambo, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawon duniya daga shi sai jakinsa. Zan ba ku labarin abin da ya same ni a ƙasar Madaru, kuma ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, don na riga na ɗanɗana hukuncin mai ƙari da ragi.

Wata tsamiya ce ta fitar da ni daga gida, tana kan iyakar gonata da ta Yaya Nomau. Muka yi ka-ce-na-ce a kanta, ya gaya mini magana, ni kuma na mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya ɗaga hannu zai ƙara faɗin wani abu, ban tsaya na ji ba. Na ɗora wa jakina Auraki mangala na kama hanya. Kafin in fita daga gonakin garinmu kunya ta kama ni, na rantse bakina ba zai sake furta magana mai ɗaci ba, kuma sai na nemo ilimin sanyaya zance duk inda yake.

Na ratsa Fadamar Gishiri, inda hasken rana ke dukan mutum ta sama ya doke shi ta ƙasa har ido ya mutu. Na tsira ne don na naɗe fuskata da rawani, na riƙe wutsiyar Auraki, na bar shi ya yi mana jagora kwana huɗu. Na zauna shekara biyu a Birnin Zumau, inda ba a taɓa cewa a'a, mutum zai kore ka daga gidansa kana tafe kana yi masa godiya. A can na ƙware, har malamaina suka ce ba su da sauran abin koya mini. A Gadar Igiya kuwa masu tsaro suka tare ni, suka ce ba mai wucewa sai ya zagi ƙasar da ya baro. Ga rantsuwa a wuyana, ga rami a ƙarƙashina. Sai na kama sauron Zumau da ƙudajenta na yi musu tatas, masu tsaron suka yi ta dariya har suka manta ban taɓa mutum ko ɗaya ba.

Da rani tsaka na iso Madaru, na tarar da ita kore shar, alkama da albasa har inda ido ya ƙare. A ƙofar gari masu gadi suka tambaye ni ko ina da dangi a ƙasar. Na ce babu. Suka ce a Gurmaza fa, can kan duwatsu? Na ce ban ma taɓa jin sunanta ba. Mata fa, ko aboki? Na ce ba ni da kowa sai wannan jakin. Sai na ga suna murna suna tafawa. Tunda nake, ranar ce kaɗai rashin kowa nawa ya faranta wa wani rai.

Suka kai ni gaban shugabansu, Uban Ƙasa Mantau. Mutanen Madaru ba gadon sarauta suke yi ba, tsakuwa suke zubawa a tulu, wanda tulunsa ya fi cika shi ne shugaba. Na tarar da dogon mutum mai furfura a zaune kan tabarma, idonsa ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

Ya ce, "Baƙo, korayen gonakin da ka gani, Bangon Ruwa ne ya kawo su. Mahaifina ya gina shi shekara talatin da suka wuce, ya tare kogi, ruwa ya taru ya zama tafki har cikin kwarin Gurmaza. Tun daga lokacin, duk rani sai sun sauko da diga za su fasa bangon, a kashe nasu a kashe namu. Bana ɗana na fari yana cikin waɗanda aka kashe. Ƙanena Kwasau, shi ne barden ƙasar nan, ya tara mayaƙa. Da ƙyar na roƙi kwana arba'in a wurin jama'a, goma sha biyu kuma sun riga sun tafi. In ba a yi sulhu ba, ranar ta arba'in zai hau dutsen."

Na ce, "Allah ya ji ƙan mamaci, ranka ya daɗe. To ni mene ne nawa a ciki?"

Ya ce a al'adar ƙasashen biyu, waɗanda jini ya shiga tsakaninsu ba sa ganin fuskar juna. Bakin baƙo suke ara, wanda ba shi da kowa a kowane ɓangare, suna kiransa Bakin Aro. A rataya masa ƙararrawa a wuya don mutane su ji su kauce. Ba mai yi masa magana, ba ya yi wa kowa, sai shugabannin biyu kaɗai, kuma shi kaɗai zai ci abincinsa. In ya ƙara kalma ko ya rage a cikin saƙo, ƙasashen biyu su daina yi masa magana har abada, a fitar da shi. Shekara talatin ba shugaban da ya nemi Bakin Aro sai shi.

Ni kuwa a raina na ce ga inda ilimina zai yi rana. Na miƙa wuya aka rataya.

Kwana biyar ake yi in an bi gefen tafki zuwa Gurmaza. Duk ƙauyen da na nufa, da sun ji ƙararrawa sai ka ga mata sun janye 'ya'yansu, maza sun juya baya, a ajiye mini tuwo a kan dutse a tafi. Na saba da kaɗaici, amma na daji, inda ba kowa. Wannan na cikin mutane ne, kuma ya fi ciwo. Da Auraki nake hira, tunda doka ba ta ambaci jaki ba.

Da na shiga yankin Gurmaza na ga abin da ya ba ni dariya. Mata ne jere a bakin tafki da hantsi, kowace da tsintsiya, sun shiga ruwa zuwa gwiwa suna share saman ruwan. Su share, ruwa ya koma yadda yake, su sake sharewa. Ba halin in tambayi kowa, sai na ce da Auraki, "Ka ga mutanen da za mu yi wa sulhu. Allah ya ba su lafiya."

Shugabarsu wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, Inna Gwamma, tana zaune bisa dutse ta fuskanci tafkin. Na durƙusa na ce Uban Ƙasa Mantau ya ce a bar bangon, shi kuma duk shekara zai aiko da alkamar da za ta ishe su. Ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Je ka ce da ɗan wanda ya ba kifi uwata, ya dafa alkamarsa ya ci. Ban roƙe shi ba."

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Mutumin da ya binne ɗansa jiya-jiya, jama'arsa na jiran dalili su ɗauki makami, in kai masa zagin uba? Na tuna tsamiya, na tuna fuskar Yaya Nomau. Sai na wanke saƙon tas irin na Zumau. Na ce da Mantau, "Inna Gwamma tana gaisuwa, ta ce alkama ba ta cikin abin da suke bukata bana."

Ya ce, "Tunda har ta gaishe ni, akwai hanya."

Ya tsare ni kwana biyu in huta, a nan na ga yadda yake zaune. In ya ratsa kasuwa wasu su tofar da yawu, matasa suna ce masa matsoraci a kan idonsa. Uwar yaron da aka kashe ta daina yi masa magana. Da la'asar sai ya zo rumfar da aka ware mini, ya zauna nesa kaɗan ya ce, "Tanimu, ka ci abinci?" Shekaru ke nan ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na ba shi labarin tsamiya da rantsuwata, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ni ma na tambaye shi me ya hana shi sakin Kwasau, tunda mayaƙansa sun fi yawa.

Ya ce, "Zai ci su, na sani. Amma duk wanda ya kashe a can yana da ɗa, ɗan kuma zai girma. Na wanke gawar nawa da hannuna, Tanimu. Ba na so in sa wani uba ya yi wannan aikin, ko na can ne."

Na koma karo na biyu da tayin makiyaya da izinin kamun kifi a tafkin. Da ta ji kalmar kifi sai ta miƙe tsaye ta ce, "Ɗan wanda ya ba kifi uwata yana so in ci kifin? Allah ya isa!" Na kawo wa Mantau cewa ta gode, amma mutanenta ba masunta ba ne. Karo na uku ya ce a ba su filin noma a cikin Madaru kanta, abin da ya sa Kwasau ya fice daga fada a fusace. Ita kuwa ta sake maimaita zagin nan nata, ta ce kada in ƙara zuwa.

Ranar kwana talatin da tara ke nan, gobe Kwasau zai hau dutse, hanyar ƙasa kuwa kwana biyar ce. Na ɗaure Auraki a gindin wata ɓaure, na ɗauki wani tsohon kwalekwale da aka yasar na faɗa tafki. Rana na tsaka na kai tsakiyar kwarin, iska ta ɗauke, ruwan ya kwanta garau har ana ganin ƙasa, ga shi rani ya janye shi. Na leƙa. Sai na ga tuddai a jere, layi bayan layi, an kewaye kowane da duwatsu, da fasasshen tulu a wajen kai. Ba sai an gaya mini ko mene ne ba, domin haka muke yi wa namu a Kukar Sambo. Maƙabarta ce, gari guda na mamata a ƙarƙashin ruwa.

Ina cikin kallo wata tarwaɗa da ta kai kwalekwalen tsawo ta taso daga tsakanin kaburburan, ta bangaje ni har ruwa ya shigo. Ta juyo za ta ƙara, na kwance ƙullin dakuwar da nake guzuri da ita na wurga can nesa. Ta bi, ni kuma na ja filafili iya ƙarfina. Ina tuƙi ina kuka, ba kuma tsoron kifin ne ya sa ni kuka ba. Matan da na yi wa dariya kaburburan iyayensu suke sharewa, iya inda ƙafarsu za ta kai. Tsohuwar nan kuwa sau uku tana gaya mini ainihin abin da ke ci mata rai, sau uku ina zubar da shi a hanya.

Da safiyar ta arba'in na iso, na tarar da fili cike da mayaƙa, ana kaɗa ganga. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sanin abin da na yi. In na faɗa, na rasa mutum ɗaya tak da ke kiran sunana a duniya. Na tsaya a bayan taron, wallahi har na juya. Sai ƙararrawar ta yi ƙara, mutane suka dare suka buɗe mini hanya har gaban Mantau.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na ci amanarka. Inna Gwamma ba ta taɓa gaishe ka ba." Na karya rantsuwata, na faɗi saƙonnin uku yadda suka fito daga bakinta.

Kwasau ya zare takobi ya ce, "Ka ji ko, Yaya? Ubanmu take zagi, kai kana aika mata da gonaki!"

Mantau bai dube shi ba. Ya ce da ni, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Ina uwar tata take?" Na gaya masa abin da na gani a ƙarƙashin ruwa, da matan da ke shara. Wasu dattawa da suka yi aikin bangon suna samari suka sunkuyar da kai, ya kuwa gan su.

Sannan ya dube ni ya ce, "Tanimu, mace tana kukan uwarta, ka sa na aika mata da alkama. Ka sa na ce ta ci kifin. Tausayin kunnena ka ji, saura kaɗan 'ya'yan mutane su mutu a kansa." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce hukunci zai hau kaina, amma sai na kai saƙo ɗaya na ƙarshe. Sannan ya juya ya ce da Kwasau ya ba shi kwana uku.

Kwasau ya ce, "Ɗanka fa, Yaya? Jininsa ya tafi a banza?"

Ya ce, "Na san inda ɗana yake kwance, duk safiya ina zuwa in tsaya a kansa. Ita shekara talatin ba ta tsaya a kan uwarta ba. Mayar da takobinka, Kwasau. In na dawo hannu rabbana, ka yi abin da ka ga dama."

Mu biyu muka shiga kwalekwale, ba dogari ba makami. Ya rufe fuskarsa da mayafi saboda al'ada, ya riƙe tsintsiya a hannu. A Gurmaza aka kafa zana tsakaninsa da Inna Gwamma, ni ina kai da kawowa taku uku, ko da yake kowa yana jin kowa. Tun hantsi take zazzaga masa, ta zagi ubansa, ta zagi bangon, ta zagi alkamar Madaru, ni kuma ina maimaitawa kalma bayan kalma bakina yana ɗaci. Bai tanka ba sai da ta gaji don kanta.

Sannan ya ce, "Ka ce da Inna ban sani ba. Rashin sanin ma laifina ne, don ban taɓa tambaya ba."

 Da ta sake magana muryarta ta sauka. Ta ce a Gurmaza kowa kusa da uwarsa ake kwantar da shi, shekara talatin ke nan suna tura mamatansu cikin kogon dutse kamar marasa asali. Su kuwa ba sa roƙo a kan mamaci, abin kunya ne a wurinsu, shi ya sa suke zuwa da diga. Ta ce, "Ni kuma na kusa, ɗan nan. Ina so in kwanta gefen uwata." Can ta ƙara da cewa, "Ka ce masa na ji labarin ɗansa. Ni ma na binne biyu saboda bangon nan."

Kafin la'asar suka daidaita. Duk rani za a buɗe ƙofar bangon har kaburbura su fito, a bar su wata guda a yi shara a yi binne, su kuma Gurmaza su ajiye diga. Madaru za ta rasa girbin alkama na biyu ke nan duk shekara saboda janyewar ruwa, Mantau ya san haka, ya kuma amsa. Inna Gwamma ta sa sandarta ta ture zanar da kanta, ta ce ya buɗe fuska ta gan shi. Da rana ta faɗi aka cire mini ƙararrawa, daga nan ba wanda ya sake ce mini uffan.

Kwana goma sha biyu na yi a kan wani tudu ni da Auraki, ana ajiye mini tuwo a kan dutse. Ina kallo ruwa yana ja da baya, har tuddan suka fito suna sheƙi da laka. Na ga mata sun gangara da gudu, wannan karon ƙasa suke sharewa. Na ga an riƙo wata 'yar tsohuwa an zaunar da ita gefen wani kabari, ta yini a wurin. Na yi murna, amma ba wanda zan gaya wa.

Rana ta goma sha uku Mantau ya hawo tudun a ƙafa, shi kaɗai, ba sandar mulki a hannunsa. Ya kwance Auraki ya ja, na bi shi. Yini guda muka yi muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, mutumin da ya tsayar da yaƙi da magana bai ce mini komai ba. A dutsen iyaka ya tsaya, ya soka wata tsintsiya a cikin mangala, ya kama kunnen jakin ya sunkuya.

Ya ce, "Auraki, kai ba ka ƙari ba ka ragi, ga saƙo. Ka ce da maigidanka mutanen Madaru sun ji haushin alkamarsu, sun sake zuba tsakuwa, tulun Kwasau ya fi nawa cika. Amma ya rantse a gaban jama'a zai riƙe alkawarin, ba abin da nake nema da ya wuce haka. Ka ce masa tsintsiyar daga Inna Gwamma take. Ka ce masa na yafe, kuma zan yi kewarsa. Sannan ka ce ya koma gida ya zauna gaban yayansa, ya ji sauran maganar da bai tsaya ya ji ba, komai ɗacinta."

Ya shafa wuyan jakin ya juya. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin gonaki, bai waiwayo ba.

Wata bakwai na yi a hanya. Na tarar da tsamiyar tana nan ta ƙara girma, yara suna tsinkar 'ya'yanta ba mai tambayar ta wace gona ce. Yaya Nomau kuwa damina biyu ke nan da rasuwa. Na tambayi matarsa Hajo abin da ya ɗaga hannu zai faɗa mini ranar nan.

Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Tanimu. Na sha tambayarsa, sai ya ce taka ce, yana ajiye maka sai ka dawo."

Yanzu duk safiya nakan ɗauki tsintsiyar Inna Gwamma in je in share kabarinsa, in yi masa addu'a, in zauna in yi shiru ko zan ji. Mutanen Kukar Sambo in sun wuce sai su dubi juna su ce Allah ya ba shi lafiya. Ba na jin haushinsu, ni ma na taɓa faɗin haka.

Nan bakina ya tsaya, yadda abin ya faru haka na kawo muku shi, da ɗacinsa.